Dogon Gudun Mako: Yadda Ake Shirya Jiki Don Tseren Fanfalaki

Wanda yake son ya san gaskiyar tseren fanfalaki, kada ya tsaya a wurin tashi, kada kuma ya tsaya a wurin ƙarewa. Ya je can wajen kilomita na 32 ya samu gefen hanya ya tsaya. A nan zai ga ƙato majiyi ƙarfi, wanda ya tashi da safe kamar barewa, ya dafa gwiwa yana haki. Zai ga wani zaune a bakin kwalta yana murza cinya, wani yana jan ƙafa kamar an ɗaura masa dutsen niƙa. Sai kuma ga wani siririn dattijo, ko wata mata da ba wanda ya kula da ita tun farko, sun zo sun wuce da 'yar sassarfarsu, ba su ƙara ba, ba su rage ba. Ba a ranar aka raba tsakaninsu ba. Tun watannin baya aka raba, a safiyar Asabar ko Lahadi, wajen gudu guda ɗaya da ake yi sau ɗaya a mako, wanda ya fi sauran tsawo.

Tsawon tseren kilomita 42 ne da mita 195. Wannan awo ya samo asali ne daga gasar Olamfik ta Landan a 1908, aka kuma tsayar da shi a matsayin doka a 1921. Jikin ɗan Adam yana iya cinye wannan tazara, amma sai an koya masa, kuma dogon gudun mako shi ne makarantar.

Kara da ƙirya

Jiki yana da makamashi iri biyu da yake ƙonawa idan ana gudu. Na farko sukari ne da yake ajiyewa a tsoka da hanta, wanda likitoci ke kira gilaikojin. Shi kamar karan dawa yake a murhu: nan da nan ya kama, ya yi bal-bal, nan da nan kuma ya cinye. Abin da baligi ke iya ajiyewa bai wuce giram 400 zuwa 500 ba, wato kusan kalori 2000. Na biyu kitse ne, shi kuma gungumen ƙirya ne: yana da wuyar kamawa, yana bukatar iska sosai, amma idan ya kama sai ya kwana yana ci. Ko ramamme yana ɗauke da kitsen da zai kai shi ninkin wannan tsere sau da yawa.

Yanzu a yi lissafi. Mai gudu yana ƙona kusan kalori 1 a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Mai nauyin kilo 65 ke nan yana bukatar sama da kalori 2700 kafin ya kai ƙarshe, ga shi kuma ajiyarsa ta sukari 2000 ce. Idan da kara kaɗai ya dogara, wuta za ta mutu tsakanin kilomita 30 da 35. Abin da ya zaunar da waɗancan mutane a bakin kwalta ke nan. Ƙafa ta yi nauyi, kai ya yi duhu, zuciya ta fara raya wa mutum ya haƙura.

Dogon gudu, idan aka yi shi a hankali, yana koya wa tsoka ta riƙa haɗawa da kitse tun farkon tafiya, ta yi tsimin sukari. Yana ƙara yawan ƙananan hanyoyin jini da ke ratsa tsoka, zuciya kuma ta ƙara yawan jinin da take turawa a bugu ɗaya. Sai dai akwai abin da ya fi waɗannan jan lokaci. Huhu da zuciya suna sabawa cikin makonni, amma ƙashi da agara da gaɓoɓi sai sun ɗauki watanni. Daga nan yawancin raunuka ke fitowa: numfashi ya ce wa mutum ya ƙara, alhali ƙwauri bai shirya ba.

Wanda ya fito da darajar wannan gudu a idon duniya shi ne Arthur Lydiard, wani mai horarwa a ƙasar Niyu Zilan. Kowace Lahadi yakan sa yaransa su zaga duwatsun da ke bayan birnin Okland, tafiyar kilomita 35, har da waɗanda gasarsu ba ta wuce zagaye biyu na fili ba. A gasar Olamfik ta Rum a 1960, Peter Snell ya ci zinare a mita 800, Murray Halberg ya ci a mita 5000, Barry Magee kuma ya zo na uku a fanfalaki, a tseren da Abebe Bikila na Habasha ya lashe ba takalmi. Duk ukun yaran Lydiard ne. Yau ma a sansanin Kaptagat na ƙasar Kenya, inda Eliud Kipchoge ya yi shekaru yana atisaye a hannun Patrick Sang, ranar Alhamis ce ta dogon gudu, kilomita 30 zuwa 40.

Kafin a fara

Ba a shiga wannan shiri daga kan tabarma. Sai mutum ya yi aƙalla wata 3 yana gudu sau 3 ko 4 a mako, jimillar kilomita 30 ko kusa da haka, yana kuma iya yin kilomita 12 a tashi ɗaya ba tare da ya wuni a kwance ba. Wanda ya haura shekara 40, ko mai hawan jini, ko ciwon suga, ko wanda aka taɓa yin mutuwar fuju'a ta ciwon zuciya a danginsa, ya fara ganin likita. Haka mai rukunin jini AS, domin gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa yana da haɗari na musamman a gare shi, kuma irinsa suna da yawa a cikinmu.

Sannu ba ta hana zuwa

A nan nake so in daɗe, don a nan kusan kowa ke ɓata aikinsa. Dogon gudu ba jarrabawa ba ce. Ba a fita don a gano ko an isa. Ana fita ne don jiki ya daɗe a kan ƙafa. Ma'aunin da ya fi kowane agogo shi ne baki: idan kana iya ba abokin gudunka labari cikakke, jimla bayan jimla, ba tare da numfashi ya katse maka magana ba, to kana daidai. Idan ya tambaye ka abu ka amsa da “e” ko “a'a” kawai, ka wuce gona da iri, sai ka rage.

Ga mai son lissafi: wanda ke fatan gama tseren a awa 4 zai riƙa cin kowace kilomita a minti 5 da sakan 41 a ranar gasa. Dogon gudunsa kuwa ya tsaya tsakanin minti 6 da sakan 20 zuwa minti 7. Zai ji kamar wasa yake yi. Zai ga yara 'yan ƙwallo sun wuce shi, mai tura baro ma ya kusa jerawa da shi. Ya daure. Da zarar ya ƙara wuta, jiki ya koma ƙona kara, darasin kitse ya tafi a banza, gajiyar kuma ta bi shi har Laraba ta lalata sauran atisayen makon.

Na san wannan a jikina. A shirina na farko ina fita da wasu samari da suka fi ni sauri, kunya ta hana in ce su rage. Kowace Lahadi sai ta zama ƙaramar gasa. A mako na tara ƙwaurina na hagu ya fara zafi a wuri guda, wanda ko yatsa na ɗora sai na ji har ƙwaƙwalwa. Mako huɗu na yi ban yi gudu ba, a daidai lokacin da ya kamata in yi mafi tsawon tafiyata. Gudu cikin jama'a yana da daɗi, yana rage nisan hanya, yana kuma tayar da mai kasala daga barci. Amma a yi sharaɗi tun a gida cewa saurin mafi rauni shi ne saurin kowa. Idan ba za a iya ba, gara mutum ya nemi tsaransa.

Tafiya a tsakiyar gudu kuma ba abin kunya ba ce. Jeff Galloway, wanda ya wakilci Amurka a gasar Olamfik ta 1972, ya gina tsarin horo sukutum a kan haka: a yi gudu na 'yan mintoci, a taka na minti ɗaya, a sake ɗauka. Sirrin shi ne a fara takawar tun farko, kafin gajiya ta tilasta. Ga mai jiki, ko wanda ya manyanta, wannan ita ce hanyar da na fi amincewa da ita.

Yadda ake ƙara tsawo

Shiri na mako 16 ya wadatar ga wanda ya riga ya yi shimfiɗa. Ana hawa mako uku, a sauka a na huɗu. Misali a fara da kilomita 14, sai 16, sai 18, sannan a koma 13. Zagaye na biyu 20, 22, 24, a sauko 16. Na uku 26, 28, 30, a sauko 20. A mako na 13 a yi 32, wanda shi ne ƙololuwa. Makon saukar nan shi mutane suka fi rainawa, alhali a cikinsa ne jiki ke ɗinke abin da aka yaga. Gudu yana yi wa tsoka ƙananan raunuka ne. Hutu da abinci da barci su ke mayar da ita ta fi da ƙarfi.

Mutane kan tambaya: me ya sa ba za a yi 42 ɗin gaba ɗaya ba, a san an iya? Domin ɓarnar ta fi ribar yawa. Bayan awa 3 a kan ƙafa, amfanin da ake samu yana raguwa, haɗarin rauni yana hauhawa, murmurewa kuma ta ci makonni. Masanin horo Jack Daniels ya ba da shawarar kada dogon gudu ya wuce awa 2 da rabi, kada kuma ya haura kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na jimillar gudun mako. Tsarin wasu 'yan'uwa na Amurka da ake kira Hanson ma a kilomita 26 yake tsayawa. Ni ina ganin ga mai shirin farko, wanda zai yi awa 4 da rabi ko 5 a ranar gasa, yana da kyau ya ɗanɗani awa 3 zuwa 3 da rabi sau ɗaya ko biyu, don zuciyarsa ta san yadda abin yake. Amma ya auna da agogo, ba da kilomita ba. Gwanin da ke cin kilomita a minti 3 da rabi yana gama 35 a awa 2 da 'yan mintoci. Kai mai minti 7, kilomita 35 awa 4 ce da ɗoriya. Lambar ɗaya ce, wahalar ba ɗaya ba.

Kuma dogon gudu ba ya tsayuwa shi kaɗai. Wanda ya kwanta Litinin zuwa Juma'a sannan ya tashi ranar Asabar ya ce zai yi 28, rauni yake nema. A samu gajerun gudu 3 a tsakiyar mako, na kilomita 6 zuwa 12. Idan kuma rashin lafiya ko tafiya ta sa wani mako ya kuɓuce, ya wuce ke nan. Ba a ramuwa, ba a haɗa biyu a mako guda.

Wanda ya taɓa yin tseren, yana kuma neman rage lokacinsa, zai iya yin kilomita 6 zuwa 10 na ƙarshen wasu dogayen gudun da saurin ranar gasa, don ƙafa ta koyi aiki a gajiye. Sau ɗaya a mako biyu ko uku ya isa. Sabon shiga ya bar wannan tukuna.

Ci da sha

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da za ka ci ko ka sha ko ka sa a jikinka ranar gasa, a dogon gudu ake gwada shi. Daren jajibiri a ci abin da ciki ya saba da shi: tuwon shinkafa, taliya, dankali, doya. A rage yaji da mai, a bar wake da ɗanyen ganye sai an dawo. Da safe, awa ɗaya zuwa biyu kafin fita, ɗan koko da sukari, ko shayi da burodi, ko ayaba. Ƙosai da fura da nono su jira.

Idan gudu zai wuce minti 90, sai an ci wani abu a hanya, giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa, a fara tun minti na 40, kafin a ji yunwa. 'Yan tseren ƙasashen waje suna tsotsar wani kunun sukari mai kauri a 'yar leda, mai tsada a wurinmu. Ba dole ba ne. Dabino matsakaici guda yana ɗauke da giram 5 zuwa 6, don haka guda 6 ko 7 a awa sun biya bukata. A cire ƙwallon tun a gida, a zaɓi mai laushi, domin busasshe yana da wuyar tauna ga mai haki. Babban cokali na zuma yana da giram 17, ayaba guda kusan 25. Mazarƙwaila ma tana yi. Ciki kansa horo yake bukata: wanda bai saba karɓar abinci ana girgiza shi ba zai yi bore ranar da aka fi bukatarsa.

Batun ruwa yana da baki biyu. Hanya mafi sauƙi ta sanin bukatarka ita ce ka hau sikeli kafin fita da bayan dawowa. Kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi. Idan ragin ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinka, ka ƙara sha a mako mai zuwa. Idan kuwa ka dawo ka fi nauyin da ka fita da shi, ka sha fiye da kima, kuma wannan yana kisa, domin ruwa yana tsinka gishirin jini har ƙwaƙwalwa ta kumbura. Binciken da aka yi a kan masu tseren Boston na 2002 ya samu kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka gwada da ƙarancin gishiri a jini. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan gwargwadon ƙishirwa. Ruwan gishiri da sukari da iyaye mata suka sani na gudawar yara, wato lita ɗaya da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana aiki sosai a nan.

Wata magana da ba zan tsallake ba: kada a haɗiyi maganin kashe ciwo don a iya gudu. Irin su ibufurofen da dikulofenak, idan suka haɗu da ƙishirwa da doguwar wahala, suna iya taɓa ƙoda. Taramol kuwa, ban da ɓarnar da muka ga ya yi wa samarinmu, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a gasa tun daga Janairun 2024. Ciwo saƙo ne daga jiki, wanda ya toshe masa baki zai ji shi daga baya da babbar murya.

Hanya, rana da lokaci

Da sanyin safiya ake kama fara. A ƙasarmu lokacin dogon gudu shi ne da an idar da sallar asuba, don a gama kafin hantsi ya dubi ludayi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, gudun awa 3 ganganci ne idan rana ta ɗaga. A rage tsawo, a rage sauri. Da azumi kuma ba a yin sa da rana sam. Ko dai a mayar da shi bayan tarawihi, an ci an sha, a wuri mai haske da tsaro, ko a taƙaita shi har a sha ruwan salla.

Wanda ke shirin tseren birnin Legas, da ake yi tun 2016, galibi a watan Fabrairu, yana da sa'a ta wani gefen, domin manyan makonninsa suna faɗawa cikin hunturu. Amma akwai tarko a ciki. Iskar hunturu busasshiya ce, gumi na bushewa nan take, jiki ya yi sanyi, gudu ya yi daɗi. Legas kuwa iskarta jiƙaƙƙiya ce, gumi yana zuba ne kawai ba ya bushewa. Saurin da ya zo da sauƙi a Zariya ko Jos a watan Janairu zai yi tsada a can. Jiki na bukatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi, don haka a makonnin ƙarshe a riƙa yin wasu gajerun gudun da hantsi, a kuma sassauta buri.

Hanyar burji ta fi kwalta sauƙi ga gaɓoɓi, amma tunda a kwalta za a yi gasar, a riƙa haɗawa. Na fi son zagaye na kilomita 5 zuwa 8 da ke dawo da ni wuri guda, inda na ajiye gorar ruwa da dabino wajen mai shayi ko mai gadi. A riƙa fuskantar motoci, kada a ba su baya. A sa riga mai haske, a bar toshe kunne da waƙa, a faɗa wa na gida hanyar da za a bi da lokacin dawowa, a sa 'yan kuɗin mota a aljihu. Mata su fita su biyu ko uku, da tufafi marasa nauyi masu shan iska. Wadda ke yawan jin kasala ko jiri ta je a auna jininta, don ƙarancin jini yana yawan ɓuya a bayan gajiyar mai gudu.

Takalmi ya zama akwai sararin faɗin babban yatsa a gabansa, domin ƙafa tana kumbura a doguwar tafiya, matsattsen kambas kuma shi ke baƙanta farce. Safar auduga tana riƙe gumi ta kawo bororo. A shafa basilin a matsematsi da hammata da kan nono, maza ma. Wanda ya taɓa shiga wanka bayan kilomita 28 ba tare da ya shafa ba ba ya bukatar a sake gaya masa.

Bayan an dawo

Kada a zube nan take. A taka na minti 10, a sha ruwa, a ci abinci mai rai cikin awa ɗaya. Yanzu ne lokacin fura da nono, ko shinkafa da wake, ko ƙwai da burodi. A samu barcin rana idan hali ya yi. Washegari hutu ne, ko 'yar tafiya.

Tsamin jiki a cinyoyi biyu, wanda ke lafawa bayan kwana 2, ba komai ba ne. Abin tsoro shi ne ciwo a gefe ɗaya, a wuri guda, wanda ke ƙaruwa ana gudu ko yake sa ɗingishi. Wannan a tsaya. Ciwon ƙirji, jiri, ruɗewa, ko jin sanyi da tsuma ana tsakiyar zafi, a tsaya nan take a nemi inuwa da taimako. Fitsari mai launin baƙin shayi bayan gudu alama ce ta tsoka ta farfashe tana cutar da ƙoda, asibiti za a nufa a ranar. Mai zazzaɓi kuwa, na cizon sauro ne ko na mura, ba ya gudu sai ya warke sarai ya ƙara kwanaki a kai.

Idan shiri ya zo ƙarshe, gudun kilomita 32 ya kasance saura mako 3 a yi gasa. Mako mai bi masa a yi 22, na gaba 14 ko ƙasa da haka, gajerun gudun tsakiyar mako ma a rage su. A waɗannan kwanaki ƙafa za ta yi ta ƙaiƙayi, zuciya ta riƙa cewa shirin bai isa ba, a ƙara ɗaya. Kada a biye mata. Duk ƙarfin da za a samu an riga an samu, gudun da aka ƙara yanzu gajiyarsa kawai za a kai wurin tashi. A wanke takalmin da aka yi 32 da shi, a ware safar da rigar da ba su ci jiki ba, a sayi irin dabinon da ciki ya karɓa, a riƙa kwanciya da wuri.